"Fotal Ta Ƙi": Wa Ke da Alhakin Taimaka wa Ɗalibi Idan Na'ura Ta Tsaya a Jami'a?

Duk farkon zangon karatu sai maganar ta dawo. Ɗalibi ya biya kuɗin makaranta, banki ya cire, amma fotal, wato shafin intanet na makaranta da ake rajista da biya a cikinsa, tana nuna bai biya ba. Wata ta manta kalmar sirrinta, an ce za a turo mata sabuwa ta imel, imel ɗin kuma ba nata ba ne. Wani ya zauna jarrabawa, sakamako ya fito, babu sunansa. Dukansu wuri guda suke nufa, wato ofishin da ake kira ICT, kuma dukansu da kalma guda suke fitowa: "'Yan ICT ba sa aiki."

Tambayar ita ce, shin da gaske laifin nasu ne? Idan kuma ba nasu ba ne duka, ina ɗalibi zai dosa, kuma me ya sa jami'o'in da suka mayar da komai kan intanet ba su tanadi hanyar taimakon wanda intanet ɗin ta kayar ba?

Ina ikon sashen ICT ya tsaya?

Kusan kowace jami'a a Najeriya tana da sashen da ke kula da kwamfutoci da sadarwa, sai dai suna ya bambanta. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya cibiyar tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin nan da ya taɓa shugabantar jami'ar. A Jami'ar Bayero ta Kano ana ce mata CIT. Wasu makarantun suna kiran nasu MIS. Aikinsu dai kusan ɗaya ne: su kula da saba, wato babbar kwamfutar da fotal ke zaune a kanta, su shimfiɗa wayoyin sadarwa, su buɗe wa ɗalibai da malamai adireshin imel na makaranta, su kuma shirya ɗakunan jarrabawar kwamfuta.

Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, bayanan da ke cikin fotal ba mallakar wannan sashe ba ne. Ma'aikacin ICT kamar mai gadin sito yake: makulli na hannunsa, amma buhunan da ke ciki na wasu ne, ba shi da ikon ɗaukar ko ɗaya sai da takardar mai shi. Maganar kuɗi ta ofishin bosa ce, wato ma'ajin jami'a. Suna da ranar haihuwa da lambar shiga makaranta na ofishin rajistara ne. Kwasa-kwasan da ɗalibi zai ɗauka suna hannun sashensa da lebul kodineta, wato malamin da ke kula da ajinsu. Maki kuwa daga malami yake tafiya wurin jami'in jarrabawa na sashe, ya bi ta tsangaya, har majalisar malamai ta amince da shi. Idan ma'aikacin ICT ya taɓa maki ko ya sauya suna da kansa, ko da gyaran daidai ne, ya aikata laifin da zai iya cinye masa aiki.

Saboda haka idan ya ce, "Ƙanena, wannan ba namu ba ne, je ka sashenku," sau da yawa gaskiya ya faɗa. Matsalar ita ce a sashen ma za a ce masa, "Ai mun tura, koma ICT." Tsakanin waɗannan ƙofofi biyu ɗalibi ke ƙarar da sati, kuma babu wanda ya rubuta cewa ya taɓa zuwa.

A wasu makarantun ma fotal ɗin ba ma'aikatan jami'a ne suka gina ta ba. Kwangila aka ba wani kamfani, shi ke riƙe da manhajar. Idan ta lalace, 'yan ICT su ma waya suke bugawa su jira, kamar yadda ɗalibin ke jiransu a bakin taga.

Hanyar da kuɗin makaranta ke bi

Mafi yawan kuka a kan biyan kuɗi ne, don haka ya kamata a tsaya a nan a warware zaren.

A 2015 gwamnatin Muhammadu Buhari ta tilasta wa hukumomin tarayya amfani da asusun bai-ɗaya na TSA da ke Babban Bankin Najeriya. Jami'o'in tarayya suka shiga ciki, aka daina biyan kuɗin makaranta kai tsaye cikin asusun jami'a a bankunan kasuwanci. Hanyar biyan ta koma Remita, manhajar da kamfanin SystemSpecs na Legas ya ƙirƙira. Jami'o'in jihohi da masu zaman kansu wasu suna amfani da ita, wasu suna da nasu kamfanonin, amma tsarin kusan iri ɗaya ne.

Ga yadda abin yake tafiya. Ɗalibi zai shiga fotal ɗin makaranta ya nemi takardar biya. Fotal za ta tuntuɓi Remita, Remita ta ba da lamba mai alƙaluma 12 da ake kira RRR. Ɗalibi ya biya da wannan lamba a banki, ko ta manhajar waya, ko wurin mai POS. Banki ya sanar da Remita, ita kuma ta aiko wa fotal saƙon cewa an biya. Hannu huɗu ke nan: fotal, Remita, banki, sai kuma fotal. Idan a daidai lokacin da saƙon ƙarshe ya taho sabar makaranta tana kashe saboda an ɗauke wuta, ko ta cika da jama'a, saƙon zai faɗi a hanya. Kuɗi sun shiga asusun gwamnati lafiya lau, amma fotal ba ta da labari.

Irin wannan gyaransa ba wuya. Fotal da yawa suna da maɓallin sake tantance biya, wanda ke sa ta koma ta tambayi Remita da kanta. Ɗalibin da bai san da shi ba sai tsoro ya kama shi, ga ranar rufe rajista ta matso, sai ya ciro sabuwar lamba ya sake biya. A nan ne asara take, domin kuɗin da suka shiga asusun gwamnati ba sa fitowa da sauƙi. Sai an rubuta takarda, ta bi ofisoshi, a jira watanni.

Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan ciwo. Wani mai kafe, wato mai shagon kwamfuta da intanet, don fotal ta ƙi buɗewa kuma ga layi a bayansa, sai ya wuce shafin Remita kai tsaye ya ciro wa ɗalibi lamba a can. Kuɗin za su isa asusun jami'a, amma tunda ba fotal ce ta haifi lambar ba, ba ta san ta ba, ba za ta haɗa ta da sunan kowa ba. Wannan sai an je ofishin bosa da rasit a hannu, su tabbatar, sannan su umarci ICT su buɗe. Ɗalibin da ya fara da ICT a irin wannan ya ɓata kwanakinsa ne kawai.

Wuta da intanet, waɗanda ba a hannun kowa a makarantar suke ba

Saba ba ta barci, kuma tana son sanyi. Ɗakin da take ciki yana buƙatar wuta dare da rana, da na'urar sanyaya ɗaki, da batura, da janareta mai dizal. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga abin da bai kai naira 70 ba. Jami'o'i da dama suna cikin wannan rukuni, shugabanninsu kuma sun fito sun koka cewa kuɗin wuta na neman cinye kasafinsu. A Oktoban wannan shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Duk makarantar da sabarta ke cikin harabarta ta ji a jikinta.

An yi ƙoƙarin magance wannan ta hasken rana. A 2019 aka ƙaddamar da tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, ƙarƙashin shirin hukumar samar da wuta a karkara ta REA. Amma tashar sola ma tana son kulawa, batura suna tsufa, kuma ba kowace makaranta ce ta samu irinta ba. Wasu jami'o'in sun gwammace su kama hayar saba a wajen makaranta, a manyan cibiyoyin ajiyar bayanai. Hakan ya raba su da matsalar dizal, ya haɗa su da wata: yawancin irin wannan haya da dala ake lissafinta, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun 2023.

Ita kanta intanet daga teku take shigowa. Manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa irin su MainOne da Glo-1 da WACS a gaɓar Legas suke sauka, sannan a jawo su zuwa Arewa ta wayoyin da ake binnewa a gefen titi, waɗanda masu aikin hanya ke tsinkawa kullum. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka yanke a teku kusa da Kwaddibuwa, bankuna da kamfanonin sadarwa suka rikice a Afirka ta Yamma. Wanda ya je biyan kuɗin makaranta a waɗancan kwanaki ya zagi ma'aikacin da ke gabansa, alhali matsalar tana can ƙasan teku. Ɗaliban Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato kuwa sun ga abin da ya fi haka a 2021, lokacin da aka rufe layukan waya saboda yaƙi da 'yan bindiga, sai mutum ya yi tafiya zuwa wani gari kafin ya duba ko an ba shi gurbin karatu.

Hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta kafa NgREN, hanyar sadarwar da aka so ta haɗa jami'o'i su sayi intanet a dunƙule da rahusa, aka ƙaddamar da ita a 2014 da tallafin Bankin Duniya. Asusun TETFund ma yana ware wa makarantu kuɗin ayyukan ICT. Sai dai a nan akwai wata ɗabi'a tamu da ya kamata a faɗa: kuɗin gina cibiya da sayen kwamfutoci ɗari biyar ya fi sauƙin samuwa fiye da kuɗin biyan intanet na wata-wata ko albashin wanda zai zauna ya amsa ƙorafi. Gini ana yanka masa kyalle a ɗauki hoto. Mai amsa ƙorafi kuwa ba wanda ke ƙaddamar da shi.

Yadda kafe ta ci kasuwa

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. A bakin ƙofar kowace jami'a, da kasuwannin cikinta, akwai jerin shaguna masu kwamfuta da firinta da ƙaramin janareta. Waɗannan su ne ainihin masu taimakon ɗalibai. Suna buɗewa da sassafe, ba sa tafiya taro, sun haddace kowane lungu na fotal, sun san awar da take sauƙi, galibi tsakar dare. Dole a yaba musu. Yaron da ya taso a ƙauye, wanda karon farko da ya riƙe linzamin kwamfuta shi ne ranar jarrabawar JAMB, tunda hukumar ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ba shi da wanda zai zauna da shi ya nuna masa sai mai kafe.

Amma taimakon yana da farashin da ya wuce kuɗin da ake miƙawa. Mai kafe yana sauri ne, mutum goma na jiransa. Idan fom ya nemi imel kuma ɗalibi ba shi da shi, sai ya sa nasa, ko ya buɗe sabo ya manta bai ba mai shi kalmar sirri ba. Idan ya nemi lambar waya, ya sa ta shago. Bayan shekara uku, ranar da ɗalibi zai sauya kalmar sirrinsa, saƙon zai tafi wurin mutumin da ƙila ya bar garin. Harafi ɗaya ko biyu a suna, Muhammad ko Mohammed, Abdullahi ko Abdullah, ya isa ya raba bayanan mutum ɗaya gida biyu. Haka zaɓen kwas: a danna wanda ba shi ba, ɗalibi ya shekara yana shiga aji, ya rubuta jarrabawa, sannan a ce ai bai yi rajistar kwas ɗin ba.

Ga kuma maganar sirri. Kwamfutocin kafe cike suke da hotunan fasfo, da takardun haihuwa, da lambobin NIN, da sakamakon jarrabawar mutanen da suka wuce. Ɗalibai mata sun fi shiga haɗari a nan, don lambar wayar da aka rubuta a fom takan koma hannun wanda zai dame su da kira. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, da hukumar NDPC mai kula da ita. Dokar ta ɗora wa jami'a nauyin tsare bayanan ɗalibanta, amma ba ta isa shagon da ke bakin ƙofa ba a aikace, kuma tsarin jami'ar ne ya tura ɗalibin can.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Ma'aikatan ICT suna da nasu kukan. Mutum kaɗan ne ke hidimar dubban ɗalibai. Wanda ya ƙware a cikinsu ba ya daɗewa, banki ko kamfanin sadarwa ya ɗauke shi, ko ya sami aikin da zai yi daga ɗakinsa a biya shi da dala. Suna kuma cewa ɗalibai ne ke jawo cunkoso: a ba da sati huɗu na rajista, kowa ya zauna sai kwana biyun ƙarshe. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba a faɗi dalilin ba. Yawancin ɗalibai ba lalaci ke hana su ba, kuɗin ne ba su haɗu ba. Uba yana jiran albashi, ko yana jiran ya sayar da amfanin gona. Makarantar da ta san haka kowace shekara, kuma ba ta ƙara wa sabarta ƙarfi a makon ƙarshe ba, ita ma tana da nata rabon laifin.

Su kuma ɗalibai abin da ya fi ƙona musu rai shi ne a ƙi yarda cewa na'ura tana kuskure. Da ka kawo ƙorafi sai a ce kai ne ba ka iya ba. Abin da ya faru a JAMB a Mayun 2025 ya isa hujja. Bayan an yi ta kuka kan faɗuwar jarrabawa, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Idan haka ta faru ga hukumar da ta fi kowace jami'a kayan aiki, babu dalilin da za a ɗauka fotal ɗin wata makaranta ba ta ɓata.

Abin da ya ɓace a tsakani

A jami'o'in da suka daɗe da wannan harka, a Turai da Amurka da Afirka ta Kudu, akwai abin da ake kira teburin taimako. Ƙofa ɗaya ce da kowane ƙorafi ke shiga ta cikinta, ko da ƙafa aka zo, ko ta waya, ko ta imel. Da ka kai kuka za a ba ka lamba. Wanda ya karɓa idan abin ƙarami ne, kamar sauya kalmar sirri, nan take zai gama. Idan ya fi ƙarfinsa, shi zai tura wa ofishin da ya dace, ba kai za ka ɗauki takarda kana yawo ba. Lambar tana nan a buɗe da sunan wanda aka miƙa wa, da ranar da aka miƙa, har sai an warware. Sau da yawa ɗalibai ne ake ɗauka su yi aikin matakin farko, a biya su ɗan alawus.

A ganina wannan ne babban giɓin da ke jami'o'inmu, ya fi ƙarancin kwamfuta. Ba ya cin kuɗi sosai, don akwai manhajojin karɓar ƙorafi na kyauta irin su osTicket, kuma JAMB kanta tana da shafin da ake shigar da ƙorafi a karɓi lamba. Wasu jami'o'in ma sun buɗe irinsa. Inda yake mutuwa shi ne idan ofishin bosa da na rajistara da sassa ba sa cikinsa. Teburin da ke hannun ICT kaɗai zai karɓi kuka ne ya ajiye. Kuma akwai dalilin da ya sa wasu ba sa son tsarin: lamba tana tona asiri. Za ta nuna wane ofis ne takarda ta kwana arba'in a cikinsa. Tsarin "ka san wani a ciki?" kuwa yana da masu cin moriyarsa.

Inda ƙaramin kuskure ke girma

Da can idan an ɓata sunanka a makaranta, a makaranta abin zai tsaya. Yanzu bayanan suna magana da juna. Tun 2021 sai da lambar NIN ake rajistar JAMB. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa ranar 24 ga Mayun 2024, yana dogara ne da bayanan da makaranta ta ɗora masa, ya gwada su da lambar JAMB da NIN da BVN. Idan makaranta ba ta ɗora sunanka ba, ko ta ɗora da kuskure, ba za ka wuce matakin farko ba, kuma gyaran a makarantar yake. Haka hukumar NYSC take gwada jerin sunayen da majalisar malamai ta amince da su da bayanan JAMB kafin ta kira mutum bautar ƙasa. Harafin da mai kafe ya ci a aji ɗaya zai iya tsayar da mutum bayan ya kammala, abokan karatunsa su tafi sansani su bar shi yana neman takardar rantsuwa a kotu.

Abin da ke hannun ɗalibi kafin a gyara tsarin

Imel da lambar wayar da ke fotal su zama naka, waɗanda kake riƙe da su. Idan a kafe aka yi maka rajista, ka tsaya a kan mai bugawa ka karanta kowane layi kafin ya tura, sannan ka sauya kalmar sirri a wayarka da zarar ka fita. Lambar RRR daga cikin fotal ɗin makaranta za a ciro ta, kuma idan an cire kuɗi fotal ba ta nuna ba, a duba matsayin lambar a shafin Remita kafin a yi tunanin sake biya. Rasit da fom ɗin kwasa-kwasai na kowane zango a ajiye su a takarda, a kuma ɗauki hotonsu.

Idan za ka kai ƙorafi, ka fara tantance na wane ofis ne: kuɗi na bosa, suna na rajistara, kwas da maki na sashe, shiga fotal da imel na ICT. Ka je da hoton saƙon da na'urar ta nuna, da lambarka ta makaranta, da rana da lokacin da abin ya faru. "Ranka ya daɗe, ta ƙi yi" ba ta ba ma'aikaci abin kamawa. Ka kuma rubuta ƙorafin kofi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe, domin ranar da wa'adin rajista ya wuce wannan takardar ce za ta nuna ka zo kafin a rufe.

Ɗalibai da yawa kuma ba sa taɓa buɗe imel ɗin makarantar da aka ba su, mai ƙarewa da edu.ng. A makarantun da suka yi rajista da Google ko Microsoft, wannan adireshin yana zuwa da manhajojin rubutu da wurin ajiya kyauta, kuma da shi ake neman ƙunshin kayan aikin da GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, ke ba ɗalibai masu koyon rubuta manhaja. Sau da yawa ta cikinsa ne ɗakin karatu ke ba da damar shiga mujallun bincike da makaranta ta biya wa kuɗi, waɗanda ɗalibin aji huɗu ke nema ido rufe lokacin rubuta kundin kammalawa.